Ra'ayi: Kafin a ƙara wa tsohuwar kat-kat dawaki, a duba linzaminta

A garejojin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai wani abin kallo da ido ya riga ya saba da shi. Tsohuwar Land Cruiser na tsaye a inuwar bedi, an ɗage murfin gabanta, an kafa ƙarafa uku an rataya sarƙa, yara masu koyon aiki na ja a hankali har injin ya fito yana ɗigar baƙin mai. Can gefe, bisa tsofaffin tayoyi, wani injin na jiran a ɗora shi, kuma ko wanda bai san mota ba zai ga ya fi na farkon girma. Mai motar na tsaye da waya a hannu yana ɗaukar bidiyo, domin wanda ya aiko da kuɗin aikin yana Aljeriya, ko Libiya, ko Abijan, ko wani gari na Faransa, kuma ya ce lallai a tura masa ƙarar injin ranar da aka tayar da shi.

Idan ranar ta zo, a murɗa makulli, a taka totur, gareji ya ɗauki ruri, a yi ta barka da arziki a rukunin WhatsApp na dangi. Ba mai tura bidiyon birki. Ba mai tambayar shekarar da aka ƙera tayoyin, ko ƙarfin da aka rubuta a kart giriz, ko abin da kamfanin asiransi ya sani game da motar da ya ɗauki alhakinta. Kwana biyu tsakani motar za ta hau hanyar Dogon Dutsi ko ta Tanut da mutum goma a ciki da kaya a bisa, tana gudun da ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta, da birkin da ya tsufa tare da injin da aka cire.

Sauya wa tsohuwar mota inji sana'a ce ta halal, kuma ita ce ta riƙe sufurin karkara a ƙasar nan shekara da shekaru. Amma a ƙara wa mota ƙarfi ba tare da an ƙara mata abin da zai tsayar da ita da abin da zai sanyaya ta ba, ba kuma tare da an gyara takardunta ba, ganganci ne da rayukan mutanen da ba a yi shawara da su ba. Ya kamata masu motoci da kanikawa da magabata su daina kallon wannan aiki kamar canjin batir.

Masu yi suna da hujja

Adalci ne a fara da hujjojin masu yi, domin ba ƙanana ba ne. Land Cruiser samfurin 80, wadda har yau ake ji da ita a hanyoyin ƙasar nan, an ƙera ta a Japan daga 1990 zuwa 1997. Ke nan ko mafi ƙuruciya a cikinsu ta girmi da yawa daga direbobin da ke tuƙa ta. Samfurin 60 da ya gabace ta kuwa tun 1980 ya fito. Shasin waɗannan motoci na jure wahala, ga shi busasshiyar iskar Sahel ba ta cin ƙarfe kamar gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara. Inji ne ke da iyakar kwanansa. Idan ya fara shan baƙin mai, yana hayaƙi, yana ƙin tashi da safe, ko dai a buɗe shi a sake gina shi, ko a sayo wani, ko a jingine motar.

Sayen wata motar ya fi ƙarfin mafi yawan jama'a. Tun da aka rufe iyaka da Benin a watan Yulin 2023, motocin hannu da a da ke shigowa ta tashar Kwatano su bi ta Gaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada da haɗari. Inji kuwa ana samunsa da sauƙi, wajen masu sayar da kayan mota na hannu a manyan birane, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko cikin kwantenonin da ke zuwa daga Sharja ta Daular Larabawa, inda ake tara motocin Japan da aka yanka gida biyu. Mutumin da ya riga ya yanke shawarar sayen inji, in aka ce masa ya ƙara ƴan kuɗi ya ɗauki babba, da wuya ya ƙi.

Hujja ta biyu ita ce nawa. Injin 1HZ, wanda ke cikin yawancin tsofaffin Land Cruiser masu shan gazuwal, lita 4.2 ne, silinda shida a jere, ba shi da turbo, ƙarfinsa kimanin dawaki 130. Motar da ba kowa a cikinta ta haura tan biyu. A zuba mata fasinja da buhuna da jarkoki, sannan a ce ta wuce doguwar tirela a babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya tsakanin Ƙonni da Maraɗi. Direba zai daɗe a hannun masu tahowa yana addu'a, kuma wannan daɗewar ita ma haɗari ce. A arewa kuma, tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, motoci na ɗaukar kaya masu nauyi cikin rairayin da ke cinye ƙarfin inji, a hanyoyin da ƴan fashi ke tare mutane. Direban da ke ganin gudu a matsayin kariyarsa ba mahaukaci ba ne.

Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai hujjoji ne na a yi aikin. Ba su halatta a yi rabinsa a bar rabi ba.

Ko kamfanin da ya ƙera ta bai tsaya ga inji kaɗai ba

Wanda ke ganin babban inji shiga kawai yake yi ya zauna, ya dubi abin da Toyota da kansa ya yi. A 1992, lokacin da ya sanya wa samfurin 80 injin esansi 1FZ-FE mai lita 4.5 da dawaki sama da 200, ya ƙara girman faifan birki, ya kuma koma ga ƙafafu masu inci 16 domin birkin ya samu wurin zama. A 2007, da ya so sanya injin gazuwal V8 mai suna 1VD-FTV a samfurin 70, sai da ya faɗaɗa gaban motar gaba ɗaya, har tazarar tayoyin gaba ta fi ta baya faɗi. Kamfani mai injiniyoyi dubbai bai iya cusa V8 a tsohon gaba ba, amma a gareji ana so a gama cikin mako guda da na'urar walda da guduma.

Birki ne farkon abin dubawa, kuma lissafinsa ba ya karɓar roƙo. Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya yana ninkuwa ne da gudu sau gudu. Motar da ta tashi daga kilomita 80 a awa zuwa 120 ta ƙara rabi ne kawai a gudu, amma aikin birkinta ya ninka sau biyu da kwata. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a faifai da tambur. Wasu ƙananan samfuran 80 da tambur suka fito a baya. Ruwan birki kuma yana tsotsar laima daga iska: nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha laima yana iya tafasa a wajen 140. Idan ya tafasa, direba zai taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Motoci nawa ne a tasha aka canza wa ruwan birki cikin shekaru biyun da suka wuce?

Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba. Abin da ke sa birki ya yi laushi a ƙafa wani tulu ne mai aiki da zuƙar iska. Injin esansi da kansa yake samar da wannan zuƙa, injin gazuwal kuwa sai da wani ɗan famfo na musamman. Idan aka sauya daga wannan nau'i zuwa wancan ba a haɗa bututun yadda ya dace ba, birki na iya kamawa a takun farko da na biyu, ya sandare a na uku.

Bayan birki sai akwatin giya, wanda kanikawa ke kira bwat. Land Cruiser ba giya ɗaya suke da ita ba. Samfurin 105 mai 1HZ da samfuran 78 da 79 masu wannan inji suna ɗauke da R151F, wadda aka auna ta daidai da ƙarfin 1HZ, yayin da manyan injuna ke tafiya da dangin H150F da H151F masu ƙashin ƙarfi. Murɗawar 1HZ ba ta kai 300 ba a ma'aunin niyuton-mita, ta 1HD-FTE ta kai 430, ta V8 mai turbo biyu da ke cikin samfurin 200 kuwa 650. Duk wanda ya haɗa irin wannan murɗawa da ƙaramar giya da tsohon kuloci, ya sayi rariya ne, kada ya yi mamaki in ta zubar da ruwa. Kuma giya ba a ƙofar gareji take fashewa ba, sai an yi nisa da gari da kaya a bisa.

Sai zaman injin kansa. Ƙafafun da ake waldawa a shasi su ne ke ɗaukar nauyinsa da girgizarsa a kan hanya mai gargada. Waldar da aka yi da ido, ba awo, takan bar injin a karkace, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi ta yi ta kaɗawa har ta cinye haɗinta. Kaskon baƙin mai na V8 na iya sauka kusa da pon na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya buge shi ranar da mota ta faɗa rami. Bututun hayaƙi na iya bi ta jikin sandar sitiyari ko bututun ruwan birki yana gasa shi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake ji a ƙarar da aka tura ta WhatsApp.

Tayoyi su ne na ƙarshe a lissafin mai mota, alhali su kaɗai ne ke taɓa ƙasa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudunta: L kilomita 120 ne, N 140, Q 160. Tayar hannu da ta shekara goma, bisa kwalta mai zafi a watan Afrilu, ƙarƙashin doguwar mota da aka tula wa kaya a rufi, idan ta fashe a kilomita 130 ba direban da zai iya riƙe motar. Kat-kat tana da tsayi, nauyinta na sama, juyawa take yi.

Zafi, mai da gyaran daji

Babban inji babban zafi yake haifarwa. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, lagireto da aka auna don dawaki 130, wanda ƙura da gishirin ruwan rijiya suka toshe rabinsa, ba zai sanyaya dawaki 200 ba. Cikin rairayi lamarin ya fi muni, domin injin na aiki da dukkan ƙarfinsa, motar kuwa na tafiya a hankali, iska ba ta shiga. Inji ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani, kan silinda ya tsage, kuɗin da aka tara shekara biyu a ƙasar waje ya tafi cikin tururi.

Haka abin yake ga masu gajeren hanya, waɗanda ke ɗaura turbo a kan 1HZ su ƙara wa famfo mai. An ƙera 1HZ da matsi mai yawa, sama da 22, yayin da 1HD-T, ɗan'uwansa mai turbo daga kamfani, matsinsa bai kai 19 ba, fistan ɗinsa da yadda yake fesa mai duk daban ne. Girmansu ɗaya, lita 4.2, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. Turbo a kan 1HZ na iya tafiya in an yi shi da awo, an sa ma'aunin zafin hayaƙi, direba kuma na da haƙuri. In ba haka ba, garin neman gira a rasa ido.

Batun mai shi ne inda lissafi ke yaudarar mutane. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashi, litar esansi ta koma sefa 499, ta gazuwal 618. Ganin esansi ya fi araha a famfo, wasu na cewa gara a cire injin gazuwal a sa V8 ko V6 na esansi. A ƙaddara, a matsayin misali, mota na shan lita 13 na gazuwal a kilomita 100, bayan sauyi kuma ta koma shan lita 20 na esansi. Daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilomita 900 ne. A da za ta sha lita 117, wajen jika 72. Yanzu za ta sha lita 180, kusan jika 90. Bambancin ya kai jika 17 a zuwa kaɗai, ba a yi maganar dawowa ba. Mai jigilar fasinja zai nemi wannan kuɗi ne ta hanyar ƙara mutane da kaya da yawan gudu, wato ainihin abubuwan da ke ƙara wa birki da taya wahala.

Dogaro da man ruwa-ruwa ma ya daina zama mafita tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Dogayen layukan da aka sha a gidajen mai a watan Maris na 2025 sun nuna cewa matatar SORAZ ta Damagaram, mai ganga 20,000 a rana, ba ta wadatar da buƙatar esansi ita kaɗai a kowane lokaci. Sannan esansi ba gazuwal ba ne wajen wuta. Tsohon tiyo da aka ɗaure da waya, wanda ya yi shekaru yana ɗigar gazuwal ba abin da ya faru, in ya ɗiga esansi a kan bututun hayaƙi gobara ce.

Saura tambayar da direbobin hamada suka fi kowa sanin nauyinta: in ta lalace a daji, wa zai gyara? Dalilin da ya sa aka shafe sama da shekara 30 ana ƙera 1HZ, har ƙungiyoyin agaji da motocin ɗaukar marasa lafiya na Afirka ke riƙe da shi, shi ne famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta. Bakanike a Dirku ko Cin Tabaradan zai buɗe shi da sifana. V8 na zamani kuwa yana fesa gazuwal da matsin da ya haura bar 1,500, ɗigon ruwa ko ƙura daga man jarka na iya kashe masa nozul, kuma in ya ƙi tashi sai an kawo na'urar bincike an tambayi kwamfutarsa. Wayoyin da aka yanka aka haɗa da salatif ba sa son girgiza da zafi. A cikin gari wannan ɓacin rai ne na yini guda. A tsakiyar Tenere, inda ruwan sha ke da ƙidaya, magana ce ta rai.

Motar da ta saɓa wa takardarta

Kart giriz na ɗauke da ƙarfin mota a lissafin haraji da irin man da take sha. A kan waɗannan bayanai ake yanka kuɗin binyet da na asiransi. Motar da takarda ta ce gazuwal take sha, alhali V8 na esansi ne a cikinta, wata mota ce daban da wadda hukuma da kamfanin asiransi suka sani.

Muddin ba abin da ya faru, ba mai kulawa. Ranar da aka yi haɗari ne takarda ke magana. Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da dokar asiransi ta CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Dokar ta wajabta wa mai asiransi ya sanar da kamfani duk wani sauyi da ke ƙara haɗari. Ta kuma ba da damar soke kwangila in an ɓoye gaskiya da gangan, ko rage diyya in kuskure ne. Mai motar da ya yi murnar biyan kuɗin ƙaramin inji na iya wayar gari cikin shari'a, da raunuka da rayukan mutane a wuyansa. Ɗan bidar da ya aiko da kuɗin inji shi za a sake kira ya aiko da na asibiti.

Akwai kuma asalin injin. Wanda ya shigo ta duwan yana da takarda. Wanda aka cire daga motar sata ba shi da ita, kuma an san yadda ɓarayi da masu ɗauke da makamai ke farautar kat-kat a yankin Sahel. Duk mai sayen inji ba takarda don ya fi araha, ko ya sani ko bai sani ba, yana iya zama kasuwar da ke sa a tare wani direban a hanya.

Mafi nauyi a cikin lamarin duka shi ne fasinja. Mai motar ya san abin da ya sa, bakanike ya san abin da ya bari bai gyara ba, direba na jin motar a ƙafarsa. Matar da ta biya kuɗin mota daga kasuwar mako da goyo a bayanta ba ta san komai ba. Ta ga mota ta shiga. Ita ce ke ɗaukar kasadar da wasu suka yanke don su rage kuɗin birki.

Abin da ya dace a yi

Hana aikin ba mafita ba ce. Zai koma bayan katanga ne kawai, ya ƙara wa masu karɓar na goro a hanya abin karɓa, ya kuma kashe motocin da ƙauyuka da yawa ba su da wasu sai su. Abin da ake buƙata shi ne tsari.

Ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER su fito su bayyana wa jama'a, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da sauran harsunan ƙasa, matakan da mai sauya inji zai bi ya gyara kart giriz, da kuɗin da zai biya a rubuce. A iya kammala aikin a babban birnin kowace jiha, ba sai an je Yamai ba. Sharaɗin ya zama takardar asalin injin da bizit teknik na gaske, wanda za a ɗora motar bisa na'ura a auna birkin kowace ƙafa, a duba walda da bututun mai da shekarun taya. Motar haya da aka ƙara wa ƙarfi ba ta bi wannan mataki ba, kada a bar ta ta yi lodi a tasha. A nan ƙungiyoyin direbobi na da ikon da jandarma ba shi da shi, domin su ne ke rubuta layi.

Kanikawa kuma su kare mutuncin sana'arsu. Gwanintar da ke sa mutum ya zaunar da injin da ba na mota ba har ya tashi, gwaninta ce ta gaske, kuma da yawansu ba a aji suka koye ta ba. Cibiyoyin koyon sana'a da asusun FAFPA na iya shirya musu gajeren horo kan wayoyin injunan zamani, awon walda da gwajin birki, a ba su shaida. Babban bakanike shi ne wanda zai dubi mai mota ya ce masa, Alhaji, kuɗin nan na inji ne kawai, in ba na birki da lagireto ba zan taɓa ba. Zai rasa aiki ɗaya yau, amma sunansa ba zai fito a bakin mutane ranar jana'iza ba.

Ga masu motoci da ƴan'uwansu mazauna ƙetare, hanya mafi aminci ita ce mafi ƙarancin armashi. A sake gina injin da ke ciki, ko a sa irinsa mai lafiya. Sau da yawa motar da ake cewa ba ta da ƙarfi famfonta da nozul ne suka gaji, matatar iska ta toshe, kaya kuma sun wuce kima. In lallai sai an ƙara ƙarfi, a zaɓi injin da kamfani ya taɓa sanyawa a wannan samfurin. 1HD-T mai dawaki kimanin 165 ya fito a samfurin 80 tun daga kamfani, an sayar da irin motar da yawa a Faransa, don haka ƙafafunsa da giyarsa da lagiretonsa duk akwai su, ba sai an ƙirƙira ba. A saye shi da giyarsa, a canza masa kusine na ƙasa kafin a ɗora, kamar yadda masanan wannan inji suka saba yi. Kuɗi kuma a raba su tun farko: birki da taya, sannan sanyaya, sannan takardu, abin da ya rage shi ne na inji. In bai isa ba, a jira wata shekarar. Sauri ya haifi nawa.

Wanda ke wanke kwanoni a Marsai ko ɗaukar bulo a Tamanraset don ya tayar da motar gidansu yana da haƙƙin ya san inda guminsa ya tafi. Ya nemi a rubuta masa jerin kayan da aka saya da farashinsu. Ya nemi hoton takardar injin, da na sabuwar kart giriz, da na lambobi huɗun da ke jikin kowace taya. Bidiyon da ya fi cancanta a tura masa kuwa shi ne na motar ɗauke da kayanta, a fili inda ba kowa, tana tafe a kilomita 80, direba ya taka birki, a ga ta tsaya a miƙe ba ta ja gefe ba. In an kasa tura masa wannan, kada ya yarda mahaifiyarsa ta shiga motar, kada kuma ya yarda a sa mahaifiyar wani.